Wasalin da Ya Shaƙe Kakanmu

A gidanmu akwai sunan da ba a raɗa wa jariri. Ba wanda ya taɓa tara mu ya ce an hana, kowa dai tasowa ya yi ya tarar da abin a haka. Sunan ƙanen kakana ne, wanda ya bar ƙauyenmu na ƙasar Ringim wajejen ƙarshen yaƙin Hitila da niyyar zuwa Makka a ƙasa, bai kuma dawo ba. Takarda ce ta dawo a madadinsa bayan wasu shekaru, cikin gafakar wani alhaji. Aka kira limamin gari ya karanta. Baffana, wanda a lokacin yana yaro, yana raɓe a ƙofar zaure, ya ce liman ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ɗago kai ya ce wa kakana, “Sai haƙuri. An shaƙe shi da igiya.”

Iyakar abin da liman ya faɗa ke nan, sauran kuwa mutanen gari ne suka ƙarasa. Dama an san mutumin da zafin zuciya, ɗan dambe ne, kuma kafin tafiyarsa ya taɓa fasa wa wani kai a kan iyakar gona. To me ya rage? Aka ce ai kisan kai ya yi a can, hukuma ta kama shi ta kashe. Kakana bai sake ambatonsa ba har ya koma ga Allah. In ta kama dole a yi maganarsa, sai a ce “na Gabas”.

Ni kuwa tafintan kotu ne, da wannan aiki na ci abinci har na yi ritaya, kuma wanda ya yi shi ba ya barin kalma ta wuce shi haka nan. Na sha tsayawa tsakanin alƙali da wanda aka yanke wa hukuncin kisa, alƙali ya faɗa da Turanci, ni in mayar da Hausa: za a rataye ka ta wuya har sai ka mutu. Rataye muke cewa, kamar yadda ake rataye riga a ƙusa ko allo a bango, kalma ce ta cikin gida mai sanyi, wadda ba ta nuna abin da za a yi. Amma ban taɓa jin hukuma ta buɗe baki ta ce za ta shaƙe mutum ba. Shaƙewa aikin ɓarawon dare ne, ko na wanda zuciya ta ɗebe shi a wurin faɗa. To wace irin hukuma ce a Sudan take shaƙe mutane da igiya? Wannan tambaya ta daɗe tana cin raina.

Da ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a Jami'ar Afirka da ke Hartum, sai na ce ga sanadi. Lokacin Albashir na kan mulki, ba a kai ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ba. Daren da zan tashi na je yi wa Baffa sallama. Ya sa aka jawo masa tsohuwar adakarsa, ya tono wani ƙunshin fata daga can ƙasa ya miƙo mini. Ban taɓa sanin takardar tana nan ba.

“Ka je ka gani,” in ji shi. “In ka tarar da abin kunya, ka baro shi can, kada ka kawo mana.”

Hanyar da na Gabas ya bi, ta Maiduguri da Fort Lamy da Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina, a wuce Fashir da Ubayyid, mutane kan yi shekaru a kanta, suna tafiya suna tsayawa yin ƙodago. Ni daga Kano na hau jirgi, kafin in gama gyangyaɗi na biyu an ce a ɗaura ɗamara. Har kunya na ji.

Ɗan ƙanwata ya tarye ni ya kai ni masauki, da magariba kuma ya ce, “Kawu, zo ka ga 'yan uwanka.” Ya kai ni wurin mai agashe. Agashe fa tsire ne, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, kuma sunan nan Hausa ce tsagwaronta, “a gashe”, Larabawan Sudan suka karɓa suka riƙe. Mai naman ya yi mini Hausa rangaɗaɗau, sai dai kowace jimla da ɗan Larabci a wutsiyarta, kwayyis, tamam. Bai taɓa taka Nijeriya ba, haka ma mahaifinsa. Ina cin tsiren ina tuna cewa ita ma kalmar tsire daga wurin hukunci take. A da can a ƙasar Hausa, ban da takobin hauni, mai zartar da hukuncin kisa, akwai tsirewa. Yau ba wanda yake jin an ce tsire gabansa ya faɗi, sai dai yawu ya tsinke.

A nan na fara kuskure. Na zayyana wa ɗan ƙanwata labarin gaba ɗaya, sannan na ba shi takardar. Ya haska da fitilar waya ya bi ta layi-layi. Yawancinta gaisuwa ce, a gai da wane a gai da wane, labarin kansa layi uku ne kacal: wane ya rasu da kaza, ya bar mata ɗaya da 'ya mace, a wani ƙauye kudu da Sinnar. Yaron ya ɗora yatsa a kan kalmar ya ce, “Ga ta nan, Kawu, khinaƙ. Igiyar shaƙewa ce. Liman bai yi ƙarya ba.” Na kwana da wannan.

Kashegari muka ɗauki amjad, irin ƙananan motocin hayan nan nasu, muka haye gada zuwa Bahri. Direban Bahaushe ne mazaunin unguwar Inƙaz. Da muka zo daidai wata doguwar katanga sai ya rage murya, ya nuna da haɓa ya ce, “Kobar ke nan, Alhaji. Nan mashnaga take.” Gidan yari ne da Turawan Ingila suka gina a 1903, kuma duk ɗan Sudan ya san abin da ake nufi in an ce an kai mutum mashnagar Kobar, wato wurin rataya. A nan aka rataye Abdulkhaliƙ Mahjub, shugaban 'yan kwaminis, a Yulin 1971 bayan juyin mulkin da ya ci tura. A nan kuma aka rataye Mahmud Muhammad Taha, malamin addinin da aka tuhuma da ridda, ranar 18 ga Janairun 1985, yana da shekara 76, gaban taron jama'a, kuma wata uku ba su cika ba aka hamɓarar da Shugaba Numeiri da ya sa hannu a hukuncin. Direban ya ce shi yana yaro a lokacin, abin da ya riƙe kawai shi ne jirgi mai saukar ungulu da ya tashi da gawar.

Kunnen tafinta ba ya hutu. Na lura duk zancen da mutumin nan ya yi, shanag yake cewa, wato rataya, ba khanag ba, wato shaƙewa. 'Yan Sudan suna mayar da ƙaf ta koma ga, amma ba wannan ne ya dame ni ba, harafin farko ne. Na tambaye shi ko ɗaya ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Duk dai wuya ne, Alhaji.”

Ba ɗaya ba ne, ko da a wurin masu aikin. Wani tsohon gandiroba ya taɓa yi mini bayani a Kano cewa kafin a rataye mutum sai an auna nauyinsa, a lissafa tsawon igiyar da zai faɗo da ita, don ƙashin wuya ya karye nan take. Ingilawa ne suka fito da wannan dabara tun wajen 1872. Kafin nan gajeriyar igiya ake sawa, mutum ya yi ta shure-shure har numfashi ya ƙare. Wato dai tsohuwar rataya shaƙewa ce aka yi mata suna mai kyau, sabuwar kuma an ƙirƙiro ta ne don a daina shaƙewar. Amma wannan bai warware mini takardar Baffa ba.

Mai agashe ne ya ba mu shawara. Ya ce akwai wani tsohon malamin Larabci a Madani, Bahaushe, jikan masu tsinkar auduga, wanda ya san tsofaffin gidajen Hausawa tun daga Jazira har Damazin. Muka kama bas daga Mina Barri da sassafe. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗari biyu ba, hanya shimfiɗe, gonaki da magudanan ruwa hagu da dama har iyakar ganinka. Wannan ce Jazira, wadda madatsar ruwan Sinnar ta raya tun 1925, kuma gumin mutanenmu yana cikin kowace kadada. Dubban maniyyata sun tsaya nan don su tara guzurin ƙetara teku, wasu suka tara suka wuce, wasu audugar ta riƙe su har abada. Da muka wuce Hasahisa wani fasinja ya nuna mini yamma ya ce can ne ƙasar Halawin, inda Turawa suka rataye Wad Habuba a bainar jama'a a 1908 saboda ya yi musu tawaye. Shi ma shanag ya ce.

Mun tarar da Ustaz a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar ƙofar gida, yana kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya. Ya tsufa ƙwarai, amma ido garau. Aka kawo jabana, gahawa mai citta a 'yar tukunyar ƙasa, da ƙananan kofuna. Na gyara zama zan fara labari, sai ya ɗaga hannu.

“Tsaya, ɗana. Takarda ka kawo ko labari?”

Na ce takarda.

“To ba ni takardar, ka riƙe labarinka. In ka fara gaya mini, abin da ka gaya mini zan gani a ciki.”

Na dubi ɗan ƙanwata, ya sunkuyar da kai.

Ustaz ya karanta a hankali yana motsa leɓe, har ya yi ɗan murmushi a wurin gaisuwar, ya ce rubutun mutanenmu ne, ɗan tsangaya ne ya rubuta. Da ya zo layin sai ya ce, “Allah ya ji ƙansa. Ciwon maƙogwaro ne ya kashe shi. To mene ne labarin?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ciwo kuma?”

Ya ce, “Ciwo mana. Khunaƙ.”

Na ce ai mu a gida khinaƙ aka karanta mana.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya aiki jikansa ya ɗauko wani ƙamus da bangonsa ya rabu da shi, ya buɗe, ya kira ni in matso. Haruffa huɗu ne: ha mai ruwa, nun, alif, ƙaf. In ka sa wa na farko kisira, wasalin ƙasa, ka ce khinaƙ, igiya ce da ake shaƙe wuya da ita. In ka ɗora masa rufu'a ka ce khunaƙ, cuta ce mai toshe maƙogwaro ta hana numfashi. Su biyun suna nan a shafi ɗaya, wannan a kan wannan. Mai takardar kuwa bai sa wasali ko ɗaya ba, kamar yadda aka saba a wasiƙa.

“Limaminku ba jahili ba ne,” in ji Ustaz. “Ya san tushen kalmar daga Alƙur'ani. A aya ta uku ta Suratul Ma'ida, cikin naman da aka haramta, akwai munkhaniƙa, dabbar da ta mutu a shaƙe, kamar akuyar da ta sarƙafe da igiyarta a turke. Duk wanda ya yi tafsiri in ya ga waɗannan haruffa igiya zai fara tunawa. Sunan cutar kuwa sai wanda ya zauna cikin Larabawa.”

Na ce to ta yaya za a tabbatar wanne mai takardar yake nufi?

Nan fa tsohon ya miƙe zaune, malantar ta motsa. Ya ce in hukuma ce ta kashe mutum da igiya a ƙasar nan, tun zamanin Ingilishi har yau, kalma ɗaya ake amfani da ita, shanƙ, da shin. Alƙali cewa yake “shanƙan hattal maut”, rataya har mutuwa. Na yi dariyar da ban shirya ba, don jimlar da na yi shekaru ina faɗa ce da Hausa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce ko ɗan tsangaya ne ya ga an rataye mutum, shanƙ zai ji ana faɗa a kasuwa, ita zai rubuta. Khanƙ da ha mai ruwa ba kalmar kotu ba ce. Ƙofa ɗaya ce kawai ya sani da shaƙewa za ta iya shigowa shari'a, ita ce ƙisasi, inda Malikawa da Shafi'awa suke ganin a kashe mai kisa da irin abin da ya yi kisan da shi, Hanafawa kuma suka ce sai takobi. Ya ce dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ma ta ambaci wannan. Amma a zamanin da aka rubuta takardar, kafin samun 'yanci a 1956, dokar Turawa ce ke aiki a shari'ar kisa.

Na tambaye shi, to babu hukumar da ta taɓa mayar da shaƙewa hukunci ke nan?

Ya ce akwai, amma ba don irin su kakanka ba. Turkawa, waɗanda da sunan sarkinsu aka mallaki Sudan daga 1821 har Mahadi ya kawar da mulkin a 1885, suna da wannan al'ada a fadar Istanbul. Jinin gidan sarauta ba a zubar da shi a ƙasa, don haka ɗan sarki ko babban waziri in za a kashe shi, da tsirkiyar baka ko igiyar siliki ake shaƙe shi. Sarki Muhammadu na Uku da ya hau gado a 1595, 'yan uwansa maza 19 aka shaƙe. Wazirin da ya kai yaƙi Biyana a 1683 ya kasa cin garin, Kara Mustafa, shi ma igiyar siliki aka aika masa a Belgired.

“Ka ga ke nan girmamawa ce,” in ji Ustaz, yana dariya har da tari. “Da a ce kakanka khinaƙ ya samu, da sai mu ce ɗan sarki ne. Mai tsinkar auduga ina shi ina siliki?”

Bayan na dawo gida na bi diddigin wannan magana, na tarar akwai wata ƙasa da ta fi Turkawa nisa a ciki, ita ce Sifen. Su har na'ura suka yi wa abin, suna kiranta garote, kalmar da asalinta sanda take nufi, don da farko igiya ake zarga wa wuya a sa sanda a yi ta murɗawa. Daga baya aka mayar da ita ƙawanyar ƙarfe a jikin turke, a zaunar da mutum, a ɗaura masa, a juya dunƙulen ƙarfe ta baya. Da irin wannan shaƙewa suka kashe Atahuwalpa, sarkin Inka na Kudancin Amurka, a 1533. A 1832 sarkinsu ya soke rataya ya bar garote, kuma ba su daina ba sai a 1974, ranar 2 ga Maris, da aka kashe mutum biyu, ɗaya a Basalona ɗaya a Taragona. Abin da ya sa na ajiye littafin na yi tagumi shi ne, su ma mutanen Sifen wannan ciwon maƙogwaro garotiyo suke ce masa a da, wato ƙaramar garote. Mu kuma mashaƙo muke cewa. Balarabe da Basifane da Bahaushe, ba wanda ya yi shawara da wani, kowa ya kalli yaro yana kakarin numfashi, wata fatar toka-toka ta rufe masa maƙogwaro, wuya ya kumbura, ya ce wannan ai shaƙe shi ake yi. Da annobar ta dawo Kano a 2023 ta yi ta ɗibar yaran da ba a yi wa rigakafi ba, duk sanda na ji an ce mashaƙo a rediyo sai rumfar Ustaz ta faɗo mini.

Amma a ranar ban yarda na saki jiki ba. Na yi aiki da lauyoyi, na san hujjar ƙamus ba ta kai shaidar ido ba. Ustaz ma ya san haka. Ya ce sunan ƙauyen da ke takardar ya canza, amma in na je Mai Wurno in tambayi dattawan bakin masallaci, za a samu wanda ya san gidan.

Sinnar ba mu tsaya ba sai don canza mota da kallon madatsar ta taga. Mai Wurno tana nan kudu kaɗan a bakin Shuɗin Nilu, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa da sauran waɗanda suka tsira bayan Turawa sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi cikin 1903. Fillanci da Hausa da Larabci duk suna tashi a kasuwa ɗaya. Dattawan suka yi ta miƙa takardar hannu zuwa hannu, ana gardamar wane ne wane, har wani mai ɗaurin rawani irin na Sakkwatawa ya ce, “Ba ɗan damben nan ba ne, Bakano? Ai ɗiyarsa na nan da rai.” Aka haɗa mu da yaro mai raksha, wato a-daidaita-sahu.

Mun isa bayan la'asar. Gida ne na ƙasa da dangar kara, in ba don tob ɗin da matan suka yafa ba sai ka rantse a Ringim kake. Aka yi mana iso. Tsohuwa ce 'yar siririya tana zaune a kan tabarma tana gyaran kuɓewa busasshiya. Ban gama sallama ba na ga goshin kakana da hancinsa a fuskarta, gwiwoyina suka yi sanyi. Na durƙusa na ce, “Gwaggo, daga gida nake.” Na faɗi sunan ƙauyenmu, na faɗi sunan kakana.

Ta ajiye faifan. Ta ce, “Sai yau?”

Ba ta yi kuka ba sai can da dare. A lokacin dai ruwa ta sa aka kawo, sannan godo-godo, sannan ta shiga tambayata mutanen da ta san sunayensu a bakin mahaifiyarta, ina ce mata wannan ya rasu, wannan ma ya rasu. Sai da aka yi isha na samu ƙarfin halin tambaya, na kuma bi koyarwar Ustaz, ban gaya mata komai ba. Na ce, “Gwaggo, Baba me ya yi ajalinsa?”

Ta ce tana da kamar shekara shida. Da kaka ne, ciwon wuya ya shigo ƙauyen yana bin yara gida-gida. Ya kama ƙannenta biyu maza. Mahaifiyarta na da tsohon ciki, sai uban ya hana ta shiga ɗakin, ya kuma aika ita Gwaggo gidan maƙwabta, shi kaɗai ya zauna da yaran. Yana ɗora su a ƙirji, yana ɗiga musu ruwa da tsumma, in numfashi ya sarƙe ya sa baki ya zuƙe musu majina. Ƙaramin ya rasu ran Talata, babban ran Alhamis. Kwana kaɗan shi ma wuyansa ya kumbura. Ta ce abin da ba ta mantawa shi ne ƙarar numfashinsa da ake ji har bayan danga, kamar ana jan zarto a ɗanyen ice.

“Ƙato ne fa, ɗana,” in ji ta. “Buhun dawa da hannu ɗaya yake ɗagawa. Amma abin nan ya maƙure shi kamar ɗan tsako.”

Da safe ta sa jikanta ya kai ni maƙabarta. Ba sauran alama sai wasu duwatsu a gindin aduwa, babba ɗaya, ƙanana biyu a gefensa. Takardar ba ta ambaci yaran ba sam, ta lissafa waɗanda ya bari ne kawai. Da mai rubutun ya ƙara rabin layi ya ce da 'ya'yansa biyu, da ba wanda zai kawo zancen igiya.

A tsaye a wurin na so in ji haushin liman, abin ya ƙi. Kalma ta zo masa da fuska biyu, ya ɗauki wadda ya sani. Mu ne ba mu ce a sake dubawa ba. Kano cike take da malaman da suka yi zaman Makka da Masar, tafiyar yini guda ce daga ƙauyenmu, amma aka naɗe takardar aka jefa ƙasan adaka shekara sittin da wani abu, saboda karatun liman ya yi daidai da abin da ake zato ga mutumin tun yana gida. Da salihin gidan ne aka ce an shaƙe, na tabbata da kakana ya ɗaura wa jaki mangala a daren.

Kwana huɗu na yi. Ana gobe zan tafi, muna zaune a tsakar gida, yara sun kewaye mu, sai Gwaggo ta yi tambayar da nake ta addu'ar kada ta yi.

“A can gida mutum nawa ne suka ci sunan Baba?”

Na shiga gyaran hula. Na ce ai gidan ya yi yawa yanzu, sai an zauna an lissafa. Ta dube ni irin duban da tsofaffi ke yi wa yaron da ya saci nama, ba ta ce komai ba. Sai ta ɗaga murya ta kira sunan, sau ɗaya. Mutum huɗu suka amsa: wani magidanci daga zaure, samari biyu, da wani ɗan ƙaramin da ko wando babu.

Na ce wa ɗan ƙanwata ya nemo mini inda waya ke kamawa. Sai da muka hau tudun bakin kogi muka samu layi, aka riƙo Gwaggo a hankali har can. Na kira Baffa. Na ce masa ba khinaƙ ba ne, khunaƙ ne, na yi masa bayanin wasalin, na gaya masa zancen yaran biyu da duwatsun gindin aduwa. Shiru ya yi tsawo har na duba ko layin ya yanke.

Can ya ce, “Sake faɗa mini, da wane wasali?”

Na ce, “Da rufu'a, Baffa.”

Ya ce, “Ba ni ita.”

Na miƙa wa Gwaggo wayar, ta riƙe ta da hannu biyu. Muryarsa na fitowa har inda nake tsaye. Ya yi sallama, ya ce, “Ke ce 'yar wane?” Ya kama sunan, cikakke, har da laƙabin dambensa da ban taɓa sanin yana da shi ba. Shekarata sittin da uku a lokacin, ranar na fara jin sunan nan a bakin ɗan gidanmu.

Gwaggo ta ce, “Ni ce, Yaya. Ina wuni?”